Layin Tsohon Alƙali

Da tsohon alƙalinmu ya nemi takarar kansila, layi aka yi bayan kowane ɗan takara, mai dogon layi shi ya ci. Shi ne ya raba mu da gonarmu ta fadama, shekarar da ambaliyar kogin Haɗeja ta shafe iyaka. A layinsa na hango maƙwabcin da alƙalin ya ba wa gonar. Na raɗa wa na kusa da ni, "Ai buhunan shinkafa ne suka yi shari'ar nan."

Kafin azahar magana ta zagaye fili, mutane suka zame, alƙali ya faɗi.

Ban ga buhu ko ɗaya ba, Allah Ya yafe mini. Amma har yau in na wuce gonar, zuciyata ba ta wanke shi ba.