Hayaƙin Banda da Ƙirjin Inna

Shekara tara ke nan da muka kai Inna makwancinta. Bandar kifi ce sana'arta a bakin ruwan Yelwa. Da ita ta ciyar da mu, da ita ta kai ni makaranta, ita ce kuma ta cinye mata ƙirji.

A wani ɗan ɗaki marar taga take aikin. Takan lulluɓe murhu da jiƙaƙƙen buhu don hayaƙi ya kama kifin ya yi ja, yadda 'yan sari ke so. Da tari ya fara, kowa ya ce sanyin kogi ne. Maganin sanyi kuwa wuta, sai ta ƙara matsawa jikin murhu. Ranar da likita ya ce hayaƙi ne, an riga an makara.

Yanzu an gyara bakin ruwan. An daɓe gaɓa da siminti, an haƙa rijiyar burtsatse, an kafa buɗaɗɗiyar rumfar banda mai bututun fitar da hayaƙi, ga ɗakin shan magani a gefe. Nakan tsaya can in tambayi kaina me Inna za ta ce. Na san halinta, Allah Ya jiƙanta, akwai taurin kai. Za ta ɗaga kifin rumfar, ta juya shi, ta taɓe baki ta ce bai ji wuta ba.

Abin da ƙanwata Rabi ta ce ke nan, ita da ta gaji sana'ar da ɗakin. Bana da damina na ji ta tana tari, mai zurfin nan da ke sa mutum dafa bango. Wallahi na tsorata. Na roƙe ta ta koma rumfa, ta ce 'yan sari za su guje ta.

"Yaya, sanyi ne kawai. Inna ma haka take yi."

"To ina Innar take yanzu?"

Ba a jima ba Rabi ta kwashe kayanta ta kai rumfa. Kifinta bai kai jan na da ba, wasu 'yan sarin sun tafi, tana min mitarsu kullum. Tana karɓar magani, tarin ya ragu amma bai bar ta ba.

Inna ta bar mana iya kifi, da haƙuri, da ƙin roƙo, duk muna riƙe da su. Tarin ne kaɗai nake roƙon Allah ya tsaya a kanta, kada ya zama gado.