Kuɓewa a Saman Motar Kawu

A shekarun da aka buɗe jam'iyyu, lokacin da kowa a Tawa ya zama ɗan siyasa har da mai tallan goro, kawuna ya sayi mota wurin wasu Turawa da suka ratso hamada. Mota ce mai ɗaki a ciki: ga gado, ga firigo mai sanyaya ruwa da abinci, ga fanka da rediyo, ga wani baƙin faranti a samanta mai shan rana yana cika batir. A ƙarƙashin gadon akwai ɗan akwati mai idanu kore da ja. Turawan sun yi wa kawu bayaninsa da Faransanci, shi kuwa ya yi ta gyaɗa kai, hankalinsa yana kan makulli.

Da hutun lakwal na damina, lokacin da aka rufe mana makaranta, matar kawu ta koma gidan iyayenta, wani ƙauye bayan Affala, da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari ta zo da wuya, jaririn bai zauna ba, don haka ungozomar likita ta ce da zarar naƙuda ta taso a kawo ta Tawa. Ƙauyen kuwa babu abin hawa sai jaki da amalanke. Kawu ya kai motar ƙofar gidan surukansa ya ajiye, ya sauka gidan wani abokinsa can ƙarshen gari saboda kunyar surukai, ni kuma ya bar ni gadi. Ya ja mini kunne kada in kunna komai sai fanka, ita ma in matarsa ta shigo hutawa da rana.

Kafin ƙurar sawunsa ta kwanta na zama sarkin gari. Tsofaffi suna jin labaran siyasa a rediyo, samari suna kawo kaset, mata suna layi da ƙoren fura don firigo. Na ci gasasshiyar masara har na fara jin kunyar gonaki.

Sai akwatin nan ya fara nuna hali. Ya yi ƙyas, rediyo ya mutu ana tsakiyar jawabin shugaban wata jam'iyya. Wani tsoho ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce dama ya sani motar ta ƴan adawa ce. Washegari fanka ta tsaya, daga baya fitilu, firigo ne ya yi ta nishi har shi ma ya haƙura. Idon akwatin ya koma ja. Samari suka ce in buɗe shi in haɗa waya kai tsaye, kamar yadda muke yi a gida in wuta ta tsinke. Na yarda, amma kusoshinsa masu kan tauraro ne. Muka gwada wuƙa, muka gwada bakin cokali da askar wanzami, ko motsi ba su yi ba.

Da na hau saman motar neman dalili sai na tarar da surukar kawu ta shimfiɗa zane a kan farantin, ta shanya yankakkiyar kuɓewa. Na tambaye ta da ladabi tun yaushe, ta ce tun ranar da muka zo.

"Nan ɗai awaki ba su iya kaiwa, ɗan nan. Ka bar min abina ya bushe."

Ina tsaye ina tunanin yadda ake musu da surukar kawu, sai ƙanwar matar ta fito da gudu ta ce naƙuda ta fara. Lokacin hantsi ne. A sanina batir ya mutu, kuma motar da batirinta ya mutu ba ta fi rumbu tafiya ba. Na sheƙa na kira kawu. Aka shigar da matar, uwarta na riƙe da ita. Kawu ya taɓa fanka shiru, ya taɓa fitila shiru, ya juyo ya dube ni.

"Kai, mi ka yi ma motag ga?"

Na ce masa kuɓewa ce. Bai tsaya tambaya ba, ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Na rufe ido ina karanto duk surar da na iya, har da waɗanda ban iya ba.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Daga baya na gane batir biyu ne a cikinta, na ɗaki da na inji. Akwatin yana yanke kaya ɗaya bayan ɗaya in wuta ta yi ƙasa, na injin kuwa ba ya barin kowa ya taɓa shi, ko da sarkin gari ne.

Muka kama hanya, kuɓewa na zuba a bayanmu, uwar matar na addu'a, kawu na kauce wa ramuka kamar yana ɗauke da ƙwai. A ƙofar likita na zauna ƙasa ina jira. Bayan la'asar kawu ya fito, ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce mace ce, da ita da uwarta lafiya lau, in tashi in nemo wa surukarsa ruwan sanyi.