Jeren da Aka Yi wa Falonmu

Bangon gabas na falonmu a Maitumbi yana shan ruwa. Da damina ta kankama sai danshi ya taso daga ƙasa, ya hau har ya kai ƙugun mutum, fenti ya kumbura ya ɓare, fumfuna baƙa ta bazu a kai. Ina yarinya nakan zauna ina kallon tabon ina ganin taswirar ƙasashe, da koguna, da kan doki. Da na girma sai na daina ganin komai a ciki, warin kawai nake ji, irin na rigar da aka manta a bokiti.

Bayan rasuwar Baba tarin Mama ya tsananta. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wata daminar a cikin wannan danshi ba. Sai aka yanke shawarar a sayar da gidan, a gina mata ɗaki a Wushishi kusa da ƙanwarta, kafin ruwa ya sauka. Lokacin zafi ne, bangon ya bushe, amma tabon yana nan kuma warin bai tafi ba.

Baffa, ƙanen Baba, shi ya kawo dillali. Mutumin ya shigo yana taunar goro, bai cire takalmi ba sai da Mama ta kalli ƙafarsa. Ya zagaya falon yana taɓe baki. Ya taɓa kujerunmu na katako, ya ɗaga buzun Baba da ɗan yatsa biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

"Hajiya, yanzu da ido ake sayen gida," ya ce. "A waya ake gani. Wannan falon in na sa hotonsa, ko kare ba zai kira ni ba. Sai an gyara shi ya yi kamar na amarya."

"To bangon fa?" in ji Mama.

"Wane bango? Ni ban ga bango ba." Ya yi dariya, jan goro ya fantsama a gefen bakinsa.

Da Gwaggo, yayar Baba, ta ji an ce kamar na amarya, sai ta ɗauki abin da gaske. Ita ce gwanar jere a danginmu. Duk yarinyar da za a kai ɗakin miji, ita ke zuwa da tawagar mata ta shirya ɗakin, ta ce gado nan, madubi can, ba mai musa mata. Washegari da safe ta sauko daga keke napep da ƙullin labulaye a ka, tana kiran a fito da komai waje.

Aka fitar da kujerunmu tsakar gida suna shan rana. Aka cire hoton Baba daga ƙusa. Dillali ya kawo kushin na haya daga wajen masu ƙawata wurin biki, manya, ruwan zinariya, da maɓallai masu ƙyalli. Daga nesa sun yi kyau. Da na sunkuya zan goge ɗaya sai na ji tsamin gumin mutanen da ban sani ba. Na zura hannu a tsakanin matasai, na ciro ƙashin kaza da busasshiyar shinkafa da cingam da ya manne da gashin wani. Na fita da gudu na wanke hannuna da omo, na sake wankewa, amma har yamma ina jin yatsuna suna danƙo.

"Ke 'yar boko, ƙyanƙyamin me kike yi?" in ji Gwaggo. "Ci za ki yi? Zo ki riƙe min wannan."

Takardar bango ce mai zanen furanni. Gwaggo da dillali suka shafa gam a kan fumfunar yadda take, ko kankarewa ba su yi ba, suka manna. Kafin la'asar takardar ta fara tashi ƙulu-ƙulu kamar fatar da ta ƙone. Gwaggo ta ja baya ta dube ta, ta riƙe haɓa. A wajen jere, in ta ga abin da bai yi mata ba a ɗaki, labule take sakar masa. Haka ta yi a nan. Ta sa aka kafa ƙarfe tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta rataya labule mai nauyi ruwan goro daga sama har ƙasa, a bangon da bai taɓa samun taga ba.

Sauran kayan aro ne daga maƙwabta. Kafet na matar wani ma'aikaci, furannin roba na wata amarya a layinmu, da kwanon gilashi cike da lemo da ayaba na roba da ƙura ta daskare a jikinsu. Aka kunna turaren wuta a kasko biyu, dillali kuma ya fesa nasa na gwangwani. Ƙamshin bai kori warin ba, hawa kansa ya yi ya zauna. Na tuna yadda ake shafa hoda a fuskar da ba a wanke ba. Mama ta leƙo, ta yi tari har ta dafa ƙofa, ta koma ɗaki.

Na same ta zaune a bakin gado. Na ce, "Mama, haka za mu bari?"

"Baffanki ya ce haka kowa ke yi," ta ce. "Ni kuma na gaji da tarin nan."

Dillali ya ɗauki hotuna, kuma sun yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ga falon a wayar dillali na ji da ma a can nake zaune.

Ranar Asabar masu saye suka zo, wata malamar firamare da mijinta, daga Fadikpe inda suke haya. Mace ce mai fara'a, ta durƙusa ta gaida Mama, ta ce ta kusa yin ritaya, tana son inda jikokinta za su riƙa zuwa hutu. Mijin ya bi Baffa duba rijiya. Ita ta zauna a kushin ɗin nan tana shafa hannun kujerar, ni kuwa na kau da kai don na san abin da ke ƙarƙashinta.

"Kai, falo ya yi kyau," ta ce. "Amma akwai duhu kaɗan. Ni ina son iska. Bari in ga waje."

Ta miƙe ta nufi labulen. Dillali ya yi wuf ya ce, "Madam, zo ki ga kicin tukuna," amma ta riga ta kama bakinsa ta ja.

Takardar ta saki daga sama ta rataya kamar harshe. Bayanta bangon ya yi baƙi ƙirin, gam ya jiƙa fumfunar ta yi yauƙi, kyankyasai suka watse, wani ya faɗo a kan kafet ɗin aro ya kife yana harba ƙafafu. Warin da aka danne kwana da kwanaki ya fito gaba ɗaya. Malamar ta toshe hanci da gefen mayafinta.

"Ina taga?" ta ce.

"Ai salo ne, Madam," in ji dillali. "Haka ake yi a Abuja. Wannan kuma ɗan ruwa ne yara suka zubar, fenti ɗaya zai..."

"Ba yara a gidan nan," Mama ta katse shi. Ban san lokacin da ta fito ba. Tana tsaye a ƙofa. "'Yar'uwa, bangon nan yana shan ruwa duk damina. Mun yi fenti mun gaji. Shi ya ba ni tarin da kike ji. In za ki saya, ki saya kin sani, kada ki kawo jikokinki su kwana a nan sai an fasa shi an gyara daga tushe."

Gwaggo ta tafa hannu. "To, madalla! Mun yi wahalar banza ke nan."

Malamar ta saki labulen ta je ta riƙe hannun Mama. "Na gode, Mama. Allah ya ba ki lafiya." Ta kira mijinta suka yi magana da yarensu a tsakar gida, suka yi sallama. Ba su dawo ba.

Baffa ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce Mama ta kashe ciniki da bakinta, ya ce in tarin ya kwantar da ita kada a kira shi. Dillali ya kwashe kushinsa a ranar, ya bar mana ƙashin kaza a kan siminti. Ni na ɓare sauran takardar, na ɗaure hanci da ɗankwali, na kai ta bayan gida na cinna mata wuta.

Ba a gina ɗakin Wushishi a shekarar ba. Ruwan farko ya same mu a Maitumbi. Na mayar da gadon Mama ɗakina, wanda ya fi nisa da falon, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na shimfiɗa katifata a ƙasa kusa da ita. Ta yi tari daminar nan sosai, sau da yawa muna hanyar asibiti. Wata rana muna cikin keke, ruwa yana feso mana ta gefe, na tambaye ta ko ta yi da-na-sani. Ta gyara mayafinta ta ce, "Da na bari ta saya, da yanzu ina Wushishi ina jin tarin jikokinta a kunnena. Gara nawa."