Kofin da Ba na Sayarwa Ba

Mai kwanuka ta daɗe tana kallonsa. Dattijo ne siriri, tabarau na lilo a wuyansa, riga mai tsada amma ya ɓalla maɓallan a karkace. Yana ɗaga kofi, yana runtse ido ɗaya, yana ajiyewa. A ranta ta ce, wannan ba shi da mai duba shi kafin ya fito.

"Baba, me ake nema ne?"

"Fim nake shiryawa, ni na rubuta. Akwai wata uwa a ciki, kofinta nake nema. Waɗannan ba su taɓa zama a gidan kowa ba."

Sai idonsa ya faɗa kan nata, tsohon kofin silba duk ya lotsa. Ta goge bakin kofin da gefen zani, ta zuba ruwa ta miƙa masa. Bai karɓa ba, hannunta yake kallo.

"Don Allah sake gogewa. Haka take yi, na manta."

Ta sake, a hankali. Ba ta tambayi ko wace ce ba.

"Tafi da shi," ta ce. "In uwar ta gama sha, ka dawo min da abina."