Biron da na zana wa makiyaya

Shekarar da wata ƙungiyar makiyaya a nan Dakoro ta tashi gina biro, wato ofishinta, ni aka ba zanen ginin. Shugabanta abokina ne tun muna lakwal, benci ɗaya muka zauna a aji. Da ƙafarsa ya zo gidana, ya ce ba ya son baƙo ya zana musu abin da ba za su iya zama a ciki ba.

Wata biyu ina zarya filin. In je da hantsi, in koma da la'asar, ina duba inda rana ke bugawa da inda iska ke fitowa. Na zana bango mai kauri na tubalin ƙasa, tagogi suna kallon kudu da arewa, gabas da yamma a toshe. Rufi biyu, na ƙasa daga ciki, tol, wato kwano, daga sama, da tazara tsakani don zafi ya samu mafita. Na sa baranda mai faɗi saboda ranar kasuwa, in mutanen Kornaka da Ɗan Gulbi sun shigo su samu inuwa. Ciki kuwa allunan katako ne da ake turawa, yau ɗaki uku, gobe zauren taro. Ban sa kilim mai sanyaya ɗaki ba, tunda kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba abin dogara ba ne.

Shugaban ya yaba, kwamitin ƙungiyar ya amince, na sa hannu.

Ana gama haƙa tushe mahaifiyata ta kwanta, na kai ta asibiti Maraɗi. Kusan wata uku muka yi. Duk sanda na kira abokin nawa sai ya ce aiki na tafiya, ni dai in kula da tsohuwa.

Ranar da na dawo, da jakata na wuce filin. Na iske ginin siminti ya kusa kai rufi, an juya fuskarsa yamma wajen hanya, da manyan ƙofofin da za a cika da gilashi. Babu baranda. Magini ya gaya mini tun satin farko aka sake tsarin, kuma shugaba ya faɗa wa kwamiti ni na aiko da gyaran daga Maraɗi.

Na sami shugaban a ƙofar gidansa yana ba rago dusa. Na tambaye shi me ya sa ya ce ni ne.

"Mutumina, in baƙi suka zo daga babban birni Yamai suka ga ginin ƙasa, cewa za su yi ba mu waye ba. Da na tambaye ka ai ba ka yarda."

Na ce to ya yi da sunansa mana. Ya ce kwamiti ba ya karɓar gyara sai daga bakina. Ko kai bai ɗaga ya dube ni ba.

Bazarar farko, kafin azahar zafi ya sa ma'aikatan biron sun kwashe kujeru sun koma gindin aduwa. Wani dattijo Bafulatani ya tare ni a kasuwar dabbobi, muka gaisa sosai, sannan ya tambaya cikin ladabi ko ni ne na zana musu tanda. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gaskata ba. Na kai maganar gun wani ɗan kwamiti, ya ce gini ya riga ya tsaya, in yi haƙuri.

Har yau muna haɗuwa da abokin nawa wajen suna ko jana'iza. Yakan miƙo hannu in karɓa, ya tambayi tsohuwa in ce ta ji sauƙi. Gidansa ne dai ban sake shiga ba.