Ƙululun da Yaya Ta Ce Sai Ta Gani

Yayata tana aure a wani ƙauye kusa da Gagarawa, ni kuma ina koyarwa a firamare a Gumel. Tun muna yara ita ce mai tambaya a gidanmu. Idan aka yanka kaza sai ta tsuguna ta ga abin da ke cikinta.

Bayan an gama yankan riɗi wata shekara ta sauka a gidana, ta ja ni ɗaki ta kwance zani.

"Malama, taɓa nan ki ji."

Na taɓa mamanta na hagu, na ji ƙululu mai tauri. Ta ce da damina bai wuce gurjiya ba, yanzu ga shi ya kusa kai ƙwan kaza, kuma ba ya ciwo. Nan take na tuna wata maƙwabciyata da ba a daɗe da rasuwarta ba, sankarar mama ce ta ɗauke ta.

Daga asibitin Gumel aka tura mu Kano. Aka ɗebi ɗan tsoka aka auna, muka koma jin sakamako. Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta ce sankara ce, amma ba irin wadda aka saba gani ba. Yawanci daga hanyoyin nono cutar take tasowa, wannan kuwa daga naman da ke riƙe da su ta fito, kuma ba kasafai suke cin karo da ita ba.

Ni hawaye nake ta sharewa. Yaya kuwa sai ta gyara zama.

"Likita, wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Me ke bambanta su?"

Likitar ta ce rai na hannun Allah, amma akwai abubuwan da suke dubawa. Akwai girman ƙululun ranar da aka zo da shi. Akwai yanayin ƙwayoyinsa a madubin awo, ko masu zafin yaɗuwa ne ko masu sanyi. Sannan idan an zo cirewa, a samu a fitar da shi duka har da lafiyayyen nama a kewayensa, kada a bar ko ɗigo. Ta ce na Yaya bai yi girman da zai tayar musu da hankali sosai ba, amma ba za ta yi mata alkawari ba.

Na tuna kaluluwar da ta fito wa maƙwabciyata a hammata, na tambaya ko Yaya ma za ta yi. Likitar ta ce wannan irin bai cika bi ta hammata ba, ta jini yake bi, ya fi zuwa huhu. Shi ya sa za a riƙa ɗaukar hoton ƙirjinta ko bayan aiki.

Aka cire maman gaba ɗaya. Da muka koma ganin likita, ta ce gefen naman duk ya fita lafiya, ƙwayoyin kuma ba masu zafi ba ne sosai. Yaya ta yi hamdala, sannan ta ce:

"To ni ban ga ƙwayoyin nan ba. A jikina suka zauna, kowa ya gan su ban da ni."

Kunya ta kama ni, na ce, "Yaya, don Allah mu tafi." Likitar ta yi murmushi, ta kira abokin aikinta na ɗakin awo. Ya shigar da mu, ya ɗora wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin, ya nuna wa Yaya inda za ta sa ido. Ta daɗe a sunkuye, hannu ɗaya dafe da wurin ɗinkin.

"Kamar an baza riɗi a kan jan zani," ta ce. "Ashe abin ma kyakkyawa ne."

Ni ma na leƙa. Haka ne kuwa, ƙananan ƙwayoyi masu tsini gaba da baya, sun jeru kamar ruwa ya kwashe su.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce rabi. Can Yaya ta ce rashin maman yana damunta in za ta yi wanka, amma ba ta son mijinta ya ga tana kuka, don shi ya fi ta tsorata.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Tana raye, tana noman riɗinta, hannun hagun da ya riƙe bayan aikin ma ya saki har tana daka. Duk lokacin hoton ƙirji ya yi takan kwana a gidana mu tafi tare, kuma har yau ba na iya cin abinci da safen ranar. Ita kam sai ta sha kokonta, ta sa a ƙara mata ƙosai.