Baba Guga da Kududdufin Bayan Tasha

Shekara talatin da huɗu Baba Guga ya yi yana haƙa rijiya, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya hana shi shiga rami. 'Ya'yansa suka saya masa kujerar roba da rediyo, suka ce ya huta. Bai yi sati ba ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. Ya cire ƙyauren kicin ya mayar, ya sauya wa randa wuri sau uku.

"Malam, ka zauna mana," in ji matarsa. "Ko ƙaya ce a kujerar?"

Ana cikin haka wata mai bincike daga jami'a ta yi sallama a ƙofar gida. Ita da abokan aikinta suna nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, yadda yake ja da baya da yadda yake dawowa. An ce mata babu tsohuwar rijiya a garin da bai sani ba.

"Sittin da ɗaya na haƙa da hannuna," ya ce. "Tara sun ƙafe. Wacce kike nema, 'yata?"

Ta zaɓi goma sha biyu. Ta ba shi igiyar awo mai ƙarfe a baki, wanda yake ƙara da zarar ya taɓa ruwa, ta ce ya riƙa aunawa duk Litinin. Da yake bai iya rubutu ba, sai ya haddace lambobin, in ya dawo matarsa ta rubuta. Litinin ta yi masa nisa, ya ƙara da Alhamis. Kafin wata biyu kullum yana hanya, yana jan ƙafa gida-gida.

"Baba, ai jiya ka auna," in ji wata matar gida.

"Ruwan jiya kin sha shi. Buɗe mini murfin."

Bayan damina biyu mai binciken ta dawo, ta shimfiɗa takarda a kan tabarma. Ta nuna masa cewa yayyafi da ƙaramin ruwa ba sa isa ƙasa, rana da saiwoyi ne suke shanye su a hanya. Sai an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya taru a kwari ya kwana biyu, sannan yake tsiyaya. Rijiyoyin da ke kusa da kududdufin bayan tasha su suke fara tasowa, sauran su biyo baya da makonni.

Baba Guga ya ƙura wa takardar ido. Kwana uku ke nan yana ganin tifa tana juye ƙasa a bakin kududdufin nan, an ce shaguna za a gina.

Washegari ya tafi ofishin masu ba da izinin gini. Kwana biyu yana zaune a benci, yana tashi, yana leƙe, ana ce masa shugaba yana taro. A na uku ya haƙura, ya nufi ɗan kwangilar da ke cike kududdufin da kansa.

"Baba, ramin nan ban da sauro me yake haifarwa?" in ji ɗan kwangilar.

"Sauron gaskiya ne. Amma shayin da kake sha, daga rijiyar tasha aka ɗebo ruwansa."

Ɗan kwangilar ya yi dariya. Baba Guga ya koma da mai binciken da takardarta, ya sake komawa shi kaɗai har sau huɗu. A ƙarshe aka yarda a bar kashi ɗaya cikin uku na kududdufin a zagaye shi da waya, don dama injiniya ya ce ƙasar gefen ba za ta ɗauki gini ba. Mutane suka yi wa Baba Guga barka. Shi bai ga abin barka ba.

Binciken ya ƙare, mai binciken ta koma wani yanki, ta bar masa igiyar. A daminar bana rijiyar tasha ta gaza inda ta saba kaiwa da kamu guda. Ya buga wa mai binciken waya tun kafin ya rufe murfin.

"Baba, shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba," ta ce. "Sai mun ga kamar biyar."

"Biyar? Kin san shekaruna kuwa?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. A makon nan wani direba ya gaya masa ana shirin cike wani kwari a garin da ke gaba. Babban ɗan Baba Guga ya zo musamman don ya hana shi tafiya can, ya tarar har ya shiga motar farko.